Abin da Saude Ta Rubuta Tana Wankan Jego

Watan nan ne ƙawata Saude ta cika shekara ashirin da uku a ƙarƙashin ƙasa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan dafa abin da ya samu in bayar sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. Na zauna na tashi, na share tsakar gidan da ba ta da datti, na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya nake ta safa da marwa kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Makon jiya na je unguwar Babban Giji, gidan su Saude, na tarar an jibge itace a ƙofar gida, an fito da ƙatuwar tukunyar ƙarfe an wanke an kife. 'Yar da Saude ta bari tana jaririya, Walida, ita ce yanzu da tsohon ciki, ta dawo gida goyon ciki, kakarta Hajiya Inna kuma ta fara shirin wankan jego. Walida ba ta san abin da ya kashe uwarta ba. An roƙe ni tun ranar makoki kada in gaya mata, kuma ban gaya mata ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai ritaya, Sista Jummai ake ce mini, kuma duk wadda ta yi aiki a ƙarƙashina za ta shaida muku ba ni da daɗin sha'ani a kan aiki. Saude kuwa ba ta taɓa riƙe allura ba. Malamar harshe ce, an ɗauke ta koyar da rubutu a makarantar da ake horar da ɗaliban jinya, su kuma ɗaliban nan a hannuna suke koyon aiki a ɗakin marasa lafiya. Da faɗa muka san juna. Wata safiya na kwashi rahotannin miƙa aiki da yara suka rubuta, na je na dangwara mata a tebur.

Na ce, "Malama, wai ke ce mai koya wa yaran nan rubutu? To duba. Wannan gado, da sauƙi. Na kusa da shi, da sauƙi. Na bayansa ma da sauƙi, alhali bawan Allah tun kafin in iso aka fita da gawarsa."

Ta karanta a tsanake, ta ɗago ta dube ni, sai na ga tana danne dariya. Ta ce, "Sista, ba rubutu ne ba su iya ba. Tarbiyya ce ta yi musu yawa."

Na fita ina huci, amma maganar ta bi ni har gida. Gaskiyarta ne. An raine mu a kan cewa idan aka tambaye ka jiki, ko ranka na maƙogwaro, ka ce da sauƙi. Kyakkyawar ɗabi'a ce a bakin mara lafiya, domin godiya ce ga Allah. Amma idan ta hau takardar asibiti ta zama bargon da aka lulluɓe ciwo da shi, likita ya zo ya wuce bai ga komai ba. Tun daga ranar muka ƙulla ƙawance, irin wanda kullum sai an yi musu kafin a rabu.

A lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba. Gari ya cika da surutu, kowane teburin mai shayi ya zama majalisa, mutanen da suka shekara suna raɗa suka koma ɗaga murya. A cikin wannan buɗin ne wani bawan Allah ya buɗe shagon intanet a Gyaɗi-Gyaɗi, da 'yan kwamfutoci a jere da janareta mai tari a bayan shago. Shafi ɗaya kafin ya buɗe, sai ka je ka yi alwala ka dawo ka same shi a rabi. Saude ta shiga sau ɗaya ta fito kamar wadda ta tsinci dami a kala. Ta shirya da mai shagon, duk safiyar Asabar ta riƙa kwasar ɗalibanta zuwa can. Ni kuwa na ce mata ɓata lokaci ne, yaran da ba su gama iya auna zafin jiki ba ina su ina linzamin kwamfuta? Ta ce in zo in gani. Na je don in samu abin kushewa.

Na kuwa samu, a ranar farko. Ta ce kowace ɗaliba ta aiko mata da imel, ta ba ta labarin mara lafiya ɗaya da ta kula da shi a makon. Yara suka duƙufa da yatsa ɗaya ɗaya suna neman haruffa. Suka fara da sallama, suka gaida Malama, suka tambayi maigida, suka tambayi Hajiya da jiki, suka yi ya gajiya, ya aka ji da ɗawainiyarmu, Allah ya saka da alheri. Kafin ko ɗaya ta iso kan mara lafiya, lokacin da aka sayar musu ya ƙare, kwamfuta ta rufe kanta. Tabɗijam! Aji guda, babu wadda ta wuce gaisuwa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Saude ba ta ji haushi ba, ta ce daga yau a yi gaisuwar duka a bakin ƙofa, da baki, har da durƙuso ga mai so, amma da zarar an zauna gaban na'ura a fara da abin da ya kawo mutum.

Abin da ya rufe mini baki shi ne abin da ta ƙirƙiro daga baya. Ba ta gyara wa ɗaliba rubutu da jan biro. Idan an aiko mata da labari, sai ta ɗora shi a wani shafi da mai shagon ya taimaka mata ta buɗe wa ajin, ta nemi kalmar da yarinya ta ɓuya a bayanta, ta mayar da ita shuɗiya mai layi a ƙasa. Idan aka danna kalmar, sai wani shafi ya buɗe, fari fat, babu komai a ciki sai sunan ɗalibar a sama. Ƙofa take kiran abin. Takan ce, "Ga ƙofa na buɗe miki, shiga ki gaya mana abin da ke ɗakin." Wadda ta rubuta cewa mara lafiya ya ɗan ci abinci, sai ta tarar da "ɗan" ya yi shuɗi, dole ta koma ta faɗi ko cokali nawa, ko ya haɗiye, ko ya dawo da shi. Wadda ta rubuta an yi masa abin da ya kamata, sai ta tarar da ƙofa a kan "abin da ya kamata". A cikin sabon shafin ma idan ta sake ɓuya, wata ƙofar na jiranta. Har yaran suka fara buɗe wa junansu, ta Hotoro ta aika wa ta Darmanawa tambaya, labarin wannan ya shiga cikin na waccan, shafin ajin ya zama kamar tsohon gidan gado, ɗaki cikin ɗaki.

Cikin 'yan watanni na ga bambanci a ɗakina. Rahoto ya fara magana. Ban gaya mata ba, don kada kanta ya kumbura, amma ta gane da ta ga na daina zuwa da takardu a hannu.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Abin da muke bin layi a shago don mu taɓa, yanzu yana aljihun kowa, har mai tallan gyaɗa. Shuɗin layi ya cika duniya, kullum sai an turo maka goma a zaurukan waya, danna nan ka ga abin mamaki, danna nan ka ga maganin hawan jini. Ƙofofi ne da wasu suka cika ɗakunansu da shara, babu wanda ya bar maka fili ya ce kai faɗi naka. Rubutun ma an yi masa saki, sai saƙon murya, mutum ya danna ya yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Ina jin da farko za ta yi murna, don ita mai son sabon abu ce, ba irina ba. Amma da ta saurara kaɗan za ta gane bakinmu ya buɗe a kan gwamna da shugaban ƙasa, a kan jikinmu kuwa yana nan inda ta bar shi. Yarinya za ta zagi minista da sunanta da hotonta, amma ba za ta iya ce wa uwarta numfashina yana sarƙewa ba.

Saude ta daɗe da aure kafin ta samu ciki, saboda haka murna ta yi yawa da Walida ta zo. Mijinta ma'aikaci ne da aka yi wa canji zuwa wata jiha, sai ta koma gida wanka wurin Hajiya Inna. Na je suna, na sake komawa bayan suna. Na same ta zaune a jingine, an naɗe ta da zannuwa, ga kwanon kunun kanwa a gefe. Na tambaye ta jiki a gaban mahaifiyarta, ta ce da sauƙi, kamar kowace 'yar mutunci. Ko a cikin jegon ba ta saki ajinta ba. Takan rubuta darasi a takarda, wata ɗaliba mai suna Asabe, wadda gidansu ke kusa, ta karɓa ta kai shago ranar Asabar ta buga wa sauran.

Wata Asabar da hantsi ina bakin aiki, sai ga Asabe ta faɗo ɗakin ko sallama babu. Na buɗe baki zan wanke ta, ta riga ni.

"Sista, ki zo ki ga darasin da Malama ta aiko. Wallahi ba darasi ba ne."

Muka tari mota zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Shafin jimla ɗaya ne tak: wata mai jego ce, an tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. A ƙasa an ce ɗalibai su shiga ƙofofin, su rubuto rahoton da za su bai wa likita. Wannan karon ɗakunan ba fanko ba ne, ita ta cika su da kanta. Mai jegon nan ba ta iya kwanciya sai ta tara matasai a bayanta, in ta miƙe sosai sai ta ji kamar an danna kanta a ruwa. Idan ta danna ƙafarta da yatsa, ramin yakan daɗe bai cike ba. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango. Tana tari, abin da ke fitowa kumfa ne. Tsofaffi sun ce sanyi ne ya shige ta, don haka an ƙara wa ruwan wanka wuta, an ƙara kanwa a kunu. Ita kuma ba ta iya ce wa wadda ke tashi tun duku-duku tana hura mata wuta, da hayaƙi a ido, a dakata.

Asabe ta ce, "Sista, zuciya ce wannan, ko ba haka aka koya mana ba? Kuma matasan jinginar nan ni na gan su a bayan Malama."

Saude ba ta san sunan ciwon ba. Ba fanninta ba ne. Abin da ta iya kawai shi ne ta faɗi abu yadda yake, kuma da bakinta ya kasa a gaban uwa, sai ta bi ta hanyar da ta gina wa wasu. A ranar muka ɗauke ta zuwa asibitin koyarwa, Hajiya Inna na biye da mu tana salati, tana cewa ai ba a fitar da mai jego kafin arba'in. Hoto ya nuna zuciyar ta kumbura ta saki, irin ciwon da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta. An yi ƙoƙari, ta ɗan farfaɗo har ta shayar da 'yarta ta yi mata wasa, amma an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa da muka zo an riga an ɗaura kaya. Walida ba ta fara zama ba uwarta ta rasu.

Ana zaman makoki labarin shafin ya kai kunnen yayan Saude, Alhaji Kabiru. Ya je shagon da kansa ya sa aka goge. Sannan ya kira ni soro, idonsa jawur, ya ce, "Jummai, don girman Allah maganar nan ta mutu a nan. Hajiya ce za ta riƙe yarinyar nan. Kina so ta tashi tana kallon kakarta a matsayin wadda ta dafa mata uwa?" Na amince, kuma har gobe ban ga laifina ba. Jaririya ba ta buƙatar sunan ciwo, uwa take buƙata, kuma Hajiya Inna ta zame mata uwa ta gaske, musamman da uban ma ya bi matarsa bayan 'yan shekaru. Duk sanda Walida ta tambaya, sai a ce mata ajali ne. Ajalin ne kuwa, wa ya musa? Amma ajali ma da ƙofar da yake shigowa.

To yanzu jaririya ta zama mai ciki. Da na ga itacen nan, ban ko zauna ba na wuce wurin Alhaji Kabiru. Na ce, "Yaya, lokaci ya yi." Ya gane ba sai na ƙarasa ba.

Ya ce, "Haba Jummai. Tsohuwar nan ƙafarta ɗaya na kabari. Ki bar ta ta tafi da zuciyarta a wanke mana."

Na ce, "Ita yarinyar fa? Ta tafi da tata a kumbure?"

Ya ce in ji tsoron Allah, ba a yi wa mai ciki mugun baki. Ya ce zamani ya canja, tana zuwa awo, likitoci za su gani in da wani abu. Na ce likita ba boka ba ne, abin da aka gaya masa da shi yake aiki, kuma na taɓa tambayar Walida da kaina me take cewa idan an tambaye ta ko akwai ciwo a danginsu, ta ce cewa take babu. Ya tashi ya shige gida ya bar ni da tabarma. Na bi shi da murya na ce zan rubuta, kuma a jarida, don kada gobe ya ce na yi masa yankan baya.

Me ya sa jarida? Domin na san gidan nan. Magana in ta baki ce, kafin ta kai tsakar gida an rufe ta da a bar tone-tone, a yi ta addu'a. Rubutu kuwa ba a ce masa yi shiru manya na magana. Kuma ba Walida kaɗai ba ce. Daga Tarauni zuwa Hotoro, gida nawa ne yanzu haka aka kife tukunya ana jiran haihuwa?

Bari in faɗi wannan da babbar murya, don shi ne abin da Yaya Kabiru ke tsoro. Hajiya Inna ba ta kashe 'yarta ba. Abin da aka yi mata ta yi, da hannunta da ƙarfinta da ƙaunarta. Su kansu likitoci har yau ba su gama musu ba a kan ko ruwan zafi da kanwa na jawo ciwon nan ko ƙara shi kawai suke yi, kuma na ga matan da ba su taɓa wankan ba ya kama su. Abin da na sani daga aikina shi ne, a wasu gidajen yana bin jini, kuma wadda aka gano nata da wuri takan tashi ta yi goyonta har ta ga jikoki. Abin da ya ci Saude shi ne kowa ya ga kumburi ya kira shi da wani suna, ita kuma kunya ta riƙe mata harshe.

Na zauna na auna abin da ya rage na ƙawata, sai na ga ba shi da yawa a ido. Shagon Gyaɗi-Gyaɗi yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Shafukan ajin sun bi ruwa, na sa an nema mini an ce ko alamarsu babu. Ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Sai dai ɗalibanta suna nan warwatse a asibitoci, sun zama manyan sistoci masu faɗa irina, kuma an ce ƙananan ma'aikata na kuka da su don ba sa karɓar rahoton da bai faɗi komai ba. Wannan ya rage. Sai kuma 'ya guda, mai irin tafiyarta da irin dariyarta, wadda ban san me kuma ta gada a cikin ƙirjinta ba. Allah ya jiƙan Saude, ya yalwata mata makwanci, ya sa abin da ta koyar ya zame mata haske.

Walida, yanzu da ke nake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon zuciya na haihuwa ne ya ɗauki mahaifiyarki. Mai yiwuwa ke lafiyarki ƙalau, haka nake roƙo dare da rana, amma sai an duba za a sani. Ki gaya wa likita a awo, ki nemi a yi miki hoton zuciya kafin ki sauka da kuma bayan kin sauka. Idan kin haihu ki bar kakarki ta yi miki hidimarta gwargwadon abin da likita ya yarda, ki rungume ta, ba ta da alhakin kowa. Amma ranar da kika ji numfashi na yi miki gardama, ko ƙafa ta kumbura ta ƙi saɓewa, ki faɗa da ƙarfi ko gaban wa kike.

Ranar Litinin zan zo da adaidaita in kai ki, ki shirya da wuri don ba na son jira. Kawunki in ya ga dama ya daina amsa gaisuwata, zan iya da wannan. Ni na wanke gawar uwarki da hannuna, nono na zuba ta cikin likkafani. Ba zan sake wanke mai jego daga gidan nan ba.